Yadda Ake Shirya Baje Koli a Gidan Tarihi kan Alaƙar Mawaƙi da Dandamali da Sinima

Mawaƙin da nake nufi a nan shi ne sha'iri, mai rubutacciyar waƙa, wanda kuma ya sa hannu a wasan kwaikwayo ko fim: ko ya rubuta, ko ya ba da umarni, ko ya fito a ciki, ko kuwa wasu suka ɗauki baitocinsa suka hau dandamali da su. Na shirya irin wannan baje koli sau da dama, kuma abin da na fi gani wajen sabon hannu shi ne ya jera littattafan waƙoƙi a akwatin gilashi, ya rataya hoton mutumin na yarinta da na tsufa, sannan ya ajiye talabijin a lungu tana nuna fim. Mutane sukan shiga irin wannan ɗaki su fita cikin minti biyar, domin an ba su tarihin rayuwa ne, ba a nuna musu alaƙar ba. Aikinka shi ne ka nuna inda kalma ta bar takarda ta shiga bakin ɗan wasa, ta sami fitila da sutura da kiɗa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa wannan yake yi wa hidima.

Kayan aiki

Na bincike da rajista: babban littafi mai layi ko jadawali a kwamfuta, fensir mai taushi (biro ba ta kusantar tsohuwar takarda), tef na awo, kyamara, na'urar ɗaukar hoton takardu, da rakoda don hira da mutane.

Na taɓa kaya: safar hannu ta roba marar hoda don hotuna da fim da ƙarfe, kwali da farar takarda marasa asid, ledar adana takardu mai tsabta kamar gilashi, da buroshi mai laushi. Takarda zalla hannu tsirara ya fi mata, a wanke a shanya sosai, domin safa tana kashe jin yatsu har ka yaga gefe ba ka sani ba.

Na ɗaki: akwatunan gilashi masu makulli, firam, matashin ɗora littafi, mutum-mutumin rataya sutura, fitilun LED da ake iya rage haskensu, ma'aunin haske, ma'aunin zafi da laima, ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, ma'aunin daidaito na magina, sukurori da dirila.

Na sauti da hoto: majigi ko allon talabijin, ƙaramar na'urar da ke maimaita bidiyo da kanta, abin saurare na kunne, ƙananan lasifika, labule mai kauri, da benci.

Na takarda: fom ɗin aro, fom ɗin bayanin lafiyar kaya, da fom ɗin izinin amfani da hoto ko murya. Waɗannan ukun su ne suka fi arha, su ne kuma suka fi ceton mutum.

1. Tsayar da magana ɗaya

Kafin ka nemi ko da tikiti guda, zauna ka rubuta jimla ɗaya da ke faɗin abin da baje kolin zai tabbatar. "Rayuwarsa da ayyukansa" ba jimla ba ce, suna ne kawai. Jimlar kirki tana da fi'ili, kuma ana iya musanta ta. Misali: dandamali ne ya koya masa gajarta baiti. Ko: ya shiga fim ne don neman abinci, amma fim ɗin ya sauya yadda yake kallon hoto a waƙa.

Alaƙar mawaƙa da waɗannan fasahohi ba iri ɗaya ba ce, kuma sai ka san wace iri ce a hannunka. Federico García Lorca na Sifaniya ya jagoranci ƙungiyar ɗalibai mai suna La Barraca daga 1932, suna yawo ƙauyuka da babbar mota suna kafa dandamali a fili. Nasa labarin na tafiya ne da katako da jama'a, don haka taswira da hotunan hanya za su fi kwanciya a ɗakinsa. Vladimir Mayakovsky na Rasha ya fito da kansa a fina-finai uku a 1918, kuma darakta Vsevolod Meyerhold ya ɗora wasanninsa a dandamali a 1918 da 1929 da 1930. Nasa labarin na fuska ne da jiki da fasta. Jean Cocteau na Faransa kuwa shi ya tsaya bayan kyamara yana ba da umarni tun daga 1930. Idan ka yi wa waɗannan ukun tsari ɗaya, ka zalunci biyu.

Manna jimlar a bangon ofishinka. Za ka koma gare ta duk lokacin da wani ya kawo maka agogon marigayi yana so a saka.

2. Jerin ayyuka da farautar kaya

Buɗe jadawali, ka jera kowane wasa da kowane fim: shekara, wuri, rawar da mawaƙin ya taka, waɗanda ya yi aiki da su, da inda ka samo labarin. Gefen ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Abin da ka ji a baki ka rubuta "an ce", abin da ka gani a takarda ka rubuta takardar.

A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Mawaƙa sukan ɓoye suna a harkar fim, wani don tsoron hukuma, wani don yana ganin aikin bai kai darajar waƙa ba. Nazım Hikmet na Turkiyya ya rubuta labaran fim a shekarun 1930 ga kamfanin İpek Film na Istanbul da sunan Mümtaz Osman. Wanda ya nemi sunansa na gaskiya kaɗai a jerin ma'aikatan fim zai tsallake ayyukan nan gaba ɗaya. Saboda haka ka tambayi masana da iyali ko yana da laƙabi, ka kuma duba takardun biyan kuɗi, domin kashiya bai cika ɓoye suna ba.

Inda za ka nema: gidan iyali, ma'ajiyar gidajen wasa, ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa, gidajen rediyo da talabijin, tsofaffin jaridu, ofishin tace fina-finai da wasanni, da masu tara fasta. Ofishin tacewa taska ce da ake mantawa da ita. Sau da yawa kwafin da aka miƙa musu, da jan layin da suka ja a kan baitin da bai musu daɗi ba, shi kaɗai ya rage. Idan fim ɗin ya fita waje, rubuta wa ma'ajiyoyin da ke cikin ƙungiyar FIAF, wadda aka kafa a 1938 don haɗa kan masu adana fina-finai a duniya.

Kada ka tsaya ga manya. Darakta zai ba ka labari mai tsari, wanda ya sha faɗa. Tela da mai fitila da mai riƙe littafin tunatar da 'yan wasa su ne ke da kaya a ƙarƙashin gado. Wannan littafin tunatarwa, wato kwafin wasan da ake rubuta shiga da fita da sauyin fitila a gefensa, a wurina ya fi bugaggen littafi daraja nesa ba kusa ba, domin a cikinsa ake ganin baitin da aka yanke saboda numfashin ɗan wasa bai kai ba. Ka yi hira da tsofaffin da wuri, ka ɗauki muryarsu, su sa hannu a fom ɗin izini a ranar, kafin a tashi.

3. Duba lafiyar abin da ka samu

Kowane abu ya sami lamba, a auna shi, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a rubuta duk yagewa da tabo da tsatsar ƙusar da ke jikinsa. Takardu da hotuna ka ɗauke su a na'ura da ƙarfin ɗigo 600 a kowane inci, ka adana a tsarin TIFF, a wurare biyu daban.

Fim na gwangwani kuwa, ka tsaya ka karanta wannan da kyau. Fim mai faɗin milimita 35 da aka yi kafin wajajen 1951 galibi da wani sinadari mai suna naitiret aka yi zarensa. Yana kama wuta cikin sauƙi, yana ci ko babu iska daga waje, ruwa ba ya kashe shi, hayaƙinsa kuma guba ne. Duba gefen zaren: sau da yawa za ka ga an buga NITRATE ko SAFETY. In ka ga na farkon, ko ba ka ga komai ba kuma fim ɗin tsoho ne, kada ka saka shi a majigi, kada ka ajiye shi kusa da zafi, kada ka shigar da shi ɗakin baje koli ko da a akwati. Kira ma'ajiyar fina-finai su ɗauka. Idan kana son mutane su ga gwangwanin, nuna shi babu komai a ciki. Masu faɗin milimita 16 da 8 kusan dukkansu ba sa cikin wannan haɗari.

Wanda aka rubuta wa SAFETY yana da tasa cutar. In ka buɗe gwangwani ka ji tsami mai hawa hanci, zaren ya fara ruɓewa, zai motse ya lanƙwashe. Ware shi daga sauran, domin tururin yana hanzarta lalacewar na kusa, ka gaggauta kai shi a juya zuwa kwamfuta. Tsohon kaset da zaren rakoda ma kada ka ce bari in ɗan ji. Wani zaren sau ɗaya kawai zai iya zagayawa kafin fatarsa ta saɓule, to wannan zagaye ɗayan ya zama na kwafa.

4. Aro da izini

Ba a fafe gora ranar tafiya. Manyan gidajen tarihi da ɗakunan karatu sukan so a nemi aro wata shida zuwa shekara kafin buɗewa, kuma za su tambaye ka yanayin ɗakinka, tsaro, da inshora. Inshorar ta rufe kayan tun daga fitarsu hannun mai su har komawarsu, har da lokacin da suke cikin mota.

Iyali kuwa amana suke ba ka, kuma nan ne ake sakaci. Na taɓa karɓar riga daga wata tsohuwar 'yar wasa da fatar baki kawai, saboda mun saba. Da na mayar, ɗanta ya nuna wata ɓarkewa a hammata ya ce a hannunmu ta faru. Ina da yaƙinin da ita ta zo, amma ba ni da hoto ba ni da takarda, kuma zumuncin bai koma yadda yake ba. Tun daga ranar, ko ɗan maɓalli ne sai an cike fom, an ɗauki hoto a gaban mai shi, kowa ya riƙe kwafi.

Mallakar abu daban, haƙƙin nuna shi daban. Wanda ya ba ka hoto ba lallai ne shi ke da haƙƙinsa ba, galibi na mai ɗaukar hoton ne ko magadansa. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin mallaka, yadda take a yau, ta sa mafi ƙarancin kariya ga yawancin ayyuka shekara 50 bayan rasuwar mai aiki, ƙasashe da yawa kuma sun kai ta 70. Wasa ɗaya yana iya ɗaukar masu haƙƙi biyar. Dubi wasan Mayakovsky na 1929: shi ya rasu a 1930, amma Dmitri Shostakovich da ya yi kiɗan ya kai 1975, Aleksandr Rodchenko da ya zana wani sashe na dandamalin ya kai 1956. Kalmomin suna iya zama na kowa alhali kiɗan yana da masu shi. Ka bi kowanne daban, ka kuma fayyace a takarda ko izinin na cikin ɗaki ne kawai ko ya haɗa da fasta da intanet.

Idan aro ya gagara, nemi kwafi mai kyau, ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa kwafi ne. Babu abin kunya a nan. Abin kunya shi ne a bar mai kallo ya ɗauka asali ne.

5. Zaɓe da tsara ɗaki

Yanzu ka koma ga jimlar nan. Ɗauki kowane abu ka tambayi kanka: wannan yana nuna alaƙar, ko dai kawai na mawaƙin ne? Tabaransa da alƙalaminsa na mawaƙin ne. Wasiƙar da yake faɗa da darakta a kan baiti ɗaya tana nuna alaƙar. A matsakaicin ɗaki abu 40 zuwa 60 sun isa, kuma za ka ji zafin ajiye sauran, amma ka ajiye.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce bin sawun baiti ɗaya. Zaɓi ɗango biyu ko huɗu da suka yi tafiya mai nisa, ka jera tafiyar a bango ɗaya daga farko zuwa ƙarshe: rubutun hannun mawaƙin da gogensa, sai kwafin ɗan wasa inda ya sa alamar numfashi, sai takardar mai tacewa in akwai, sai hoton daren wasan a daidai lokacin da ake furta shi, sai abin saurare inda mutum zai ji shi da kunnensa. Wanda ya bi wannan bango ya fahimci baje kolin ko da bai kalli komai ba bayan haka. Na ga mutane suna komawa farkon bangon bayan sun saurara, suna neman kalmar da aka sauya da yatsa a kan gilashi. Ba ni da wani ma'auni na nasara da ya wuce wannan. Ka ba bangon nan wuri mafi kyau, wanda ido ke fara sauka a kai daga ƙofa.

Sauran ɗakin ka raba shi kashi uku ko huɗu. Ba dole ne ka bi shekaru ba. Kana iya bin matakan aiki: teburin rubutu, ɗakin gwaji, dandamali, allon sinima. Zana ɗakin a takarda da awo, ka yanka ƙananan kwalaye a madadin akwatuna kana matsar da su. Bar hanya aƙalla santimita 90 tsakanin kaya, da fili mai faɗin santimita 150 inda keken guragu zai juya.

6. Haske da laima

Ka'idar da kake buƙata kaɗan ce. Haske yana cin launi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Takarda, tawada, fasta, hoto da yadi kada haskensu ya wuce lux 50 (lux shi ne awon ƙarfin haske), a auna a kan fuskar abin, ba a tsakiyar ɗaki ba. Toshe tagogi. Ɓarnar taruwa take yi: lux 50 na awa 8 kullum har kwana 90, in aka ninka, ya zama 36,000, shi ya sa ba a cika barin takarda ta asali ta wuce wata uku a waje ba. In baje kolin zai daɗe, ka riƙa juya shafi ko ka musanya da kwafi. Fastocin sinima da na wasa sun fi kowa rauni, domin an buga su ne a takarda mai arha don su yi mako biyu a bango.

Laima ta zauna tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, zafi kuma wajen digiri 18 zuwa 22. Idan ba ka da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki dare da rana, kada ka kunna da safe ka kashe da yamma, wannan hawa da sauka ya fi zafi mai ɗorewa illa. Gara ka rufe akwatin da kyau, ka sa silika a ƙasansa, ka riƙa karanta ma'auni safe da yamma kana rubutawa.

Sabon fenti da sabon katako suna fitar da tururi mai cin takarda da ƙarfe. A gama fenti aƙalla mako uku kafin kaya su shiga. Littafi kada a tilasta masa buɗewa shimfiɗe, a ɗora shi a matashi gwargwadon yadda ya yarda. Gam da salatif ba sa taɓa asali ko kaɗan. Sutura kuma kada a rataya ta a ƙusa ko a siririn maratayi, a cika kafaɗun mutum-mutumin da auduga har nauyin ya bazu, in ta tsufa sosai a kwantar da ita.

7. Fim da sauti a cikin ɗaki

Mutumin da ke tsaye ba ya kallon fim na awa biyu. Yanko gutsure na minti biyu zuwa uku, wanda ke da alaƙa kai tsaye da abin da ke kusa da shi, ka rubuta tsawonsa a gefe don mutum ya san ko zai jira. Cikakken fim ɗin ka ware masa rana da kujeru a wani zaure.

Kurakurai biyu ne suke ɓata mini rai a nan. Na farko, a miƙe tsohon fim don ya cika faffaɗan allon zamani, fuskoki su koma kamar an danne su. Tsofaffin fina-finai kusan murabba'i ne, huɗu bisa uku, ka bar baƙi a gefe da gefe. Na biyu, gudu. Fina-finan da ba su da sauti galibi an ɗauke su ne da hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa, masu sauti kuma 24. In aka juya na farkon da gudun na biyun, mawaƙinka zai riƙa tafiya da sauri-sauri kamar abin dariya, alhali ba haka ya yi tafiya ba. Faɗa wa mai juyawa tun farko.

Sauti kuma ba ya sanin iyaka. Lasifika biyu a ɗaki ɗaya hayaniya ce, kuma waƙa ita ce ta farko da ke mutuwa a hayaniya. Ka bar sauti ɗaya tak a fili, sauran duk a abin saurare na kunne, biyu-biyu a kowane wuri don abokan tafiya su ji tare. Kewaye wurin majigi da labule mai kauri, yana tare haske yana kuma shanye amo. Sa rubutun abin da ake faɗa a ƙasan allo saboda kurame da baƙi. In babu majigi, talabijin ta isa. In wuta ba ta da tabbas, buga hotuna shida zuwa takwas daga gutsuren a jere, ka rubuta baitin a ƙarƙashinsu.

8. Idan abin da kake nema ya ɓace

Zai faru, don haka ka shirya. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa sauti sun ɓace ɗungurungum. Cikin fina-finai ukun Mayakovsky na 1918, ɗaya ne ya iso gare mu cikakke. Wasan dandamali kuwa da ma ba ya zama, daren da aka yi shi ya tafi da shi.

Ɓataccen fim yana barin sawu: hotunan talla, fasta, sharhin jarida, takardar tacewa, rubutun labarin. Jera su, ka faɗa ƙarara cewa fim ɗin babu shi. Na taɓa barin farin allo babu komai a kai, da ɗan rubutu a gefe mai faɗin sunan fim ɗin da shekarar da aka yi masa ganin ƙarshe a rubuce, mutane suka fi daɗewa a gabansa fiye da wasu akwatunan.

Murya ma haka. Ba a san da wani faifai mai ɗauke da muryar Lorca ba, duk da ya shahara da karanta waƙoƙinsa a gaban jama'a. Abin da ake da shi faya-fayan 1931 ne inda yake kaɗa piyano, mawaƙiya La Argentinita tana rerawa. Mai hankali zai sa wannan, ya ce ga hannunsa, muryarsa ba mu da ita. Kana iya sa ɗan wasa ya karanta baitocin, ka rubuta sunansa da shekarar ɗauka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙirƙiro muryar mamaci da kwamfuta a saka a gidan tarihi, domin mutane suna shigowa ne da yardar cewa abin da ke ciki shaida ne.

Ga wasan da babu hotonsa, sa a gina ɗan ƙaramin dandamali na kwali bisa zanen asali, awo ɗaya bisa 25, a rubuta cewa sabon gini ne da abin da aka dogara da shi.

9. Rubutun bango

Allon shiga kada ya wuce kalma 150, na kowane sashe 80 zuwa 100, na kowane abu 30 zuwa 50. Harafi ya yi girman da za a karanta daga taku ɗaya ko biyu, baƙi a kan fari ko akasin haka, musamman da yake ɗakin ba shi da haske sosai. Kada ka bayyana abin da ido ke gani. Nuna abin da zai tsallake: "Dubi layi na huɗu, ya soke kalma uku bayan gwajin farko." Baitocin kansu ka ba su sarari, a rubuta su yadda mawaƙin ya karya ɗangayensu, in fassara ce a sa asalin a gefe da sunan mai fassara. Ba wani wanda bai san mawaƙin ba ya karanta duka, duk inda ya tsaya ya ɗaga kai, gyara wurin. Sunaye da shekaru kuma mutum biyu su duba, domin iyalan mai fitila za su zo, kuma harafi ɗaya da ya kauce a sunan mahaifinsu shi za su tafi da shi.

10. Kafawa, kulawa da saukewa

Tsarin shiga shi ne: fenti, wayoyin wuta, akwatuna, na'urori, rubutun bango, sannan kayan asali a ƙarshe, bayan an share an kulle ƙofa. Tsakiyar kowane firam ya zauna wajen santimita 150 daga ƙasa. Mutum biyu ke ɗaukar kowane babban abu, kuma a san inda za a ajiye kafin a ɗaga. Saita fitila bayan an ɗora kaya, ka durƙusa daidai tsayin yaro da na mai keke ka ga ko gilashi yana walƙiya a ido.

Bar na'urori su yi kwana biyu cur suna aiki kafin buɗewa, a nan ne mai zafi zai yi zafi, mai tsayawa ya tsaya. Rubuta yadda ake kunnawa da kashewa a takarda ɗaya, da hoto, ka manna a bayan ƙofa. Zagaya da masu gadi da masu tarbar baƙi, ka ba su labarin bangon baitin nan, domin su za a riƙa tambaya kullum, ba kai ba. Waɗanda suka ba da aro kuma ka gayyace su su gani kafin jama'a.

Bayan buɗewa, kowace safiya a duba ma'auni, a goge gilashi da abin saurare, a leƙa ko ƙwaro ya shiga wurin sutura. Ajiye littafi a bakin ƙofa da tambaya ɗaya: ka taɓa ganin ɗaya daga cikin wasannin nan, ko kana da wani abu nasu? Ta wannan hanya na sami hotuna da takardun shirin wasa da shekara guda ta bincike ba ta ba ni ba.

Ranar saukewa a bi tsarin a juye: kayan asali su fara fita. Ɗauki hoton kowane bango da kowane akwati kafin a taɓa komai. Gwada kowane abu da fom ɗin lafiyarsa na ranar karɓa, in an sami sauyi a rubuta a sanar da mai shi kafin ya gani da kansa. Mayar da aro cikin wa'adin da aka rubuta, a karɓi sa hannu, a haɗa wa kowane mai aro kwafin abinsa na kwamfuta da hoton inda aka nuna shi. Hirarrakin da ka ɗauka, da jadawalin nan mai gefen "an ce", da takardun izini, ka miƙa su ga ma'ajiyar gidan tarihin a fayil ɗaya mai lamba, ka kuma aika kwafi ga ma'ajiyar fina-finan da ta taimake ka.